Tafiyar da Na Yi Garwa Don Kashe Tallar Marigayi

Tun da na dawo daga Garwa babu wanda ya bar ni na sha shayi lafiya. Duk inda na zauna a unguwarmu Turaki, nan Jalingo, sai wani ya jawo benci ya ce in ba shi labari, wai an ce na ƙetare boda na je kashe fatalwa. Kowa kuma sai ya zuba nasa gishirin kafin labarin ya dawo kunnena, har na ji an ce da boka na tafi. Na gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bello, sana'ata ɗaukar bidiyo. Biki, suna, taron coci, saukar karatu, duk ina zuwa. A 'yan shekarun nan na ƙara da haɗa wa 'yan kasuwa talla, irin wadda kan faɗo maka a waya kafin fim ya fara ko a tsakiyarsa. Akwai wata manhajar kallon fina-finan Hausa da Fulatanci da mutanenmu suka runguma, mai ita wani ƙaramin kamfani ne a Garwa, cikin Kamaru. A nan nake saka tallata.

Cikin waɗanda na yi wa har da Baba Ishaku, mai shagon irin shuka da taki da maganin feshi a unguwar Majidaɗi. Tallarsa gajeriya ce. Yana tsaye a ƙofar shago, hula a karkace, ya ce, "Ina kwana, jama'a. Ni ne Baba Ishaku. Ina nan a shago tun safe, ina jiran ku." Sai ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Na ce mu sake ɗauka, ya ce a'a, ai da tarin nan aka san shi.

Laifina a fom yake. Wajen saka talla akwai gurbin da ake rubuta ranar da za ta tsaya, akwai kuma na sau nawa mutum ɗaya zai gan ta a yini. Ni kuwa a gidan rediyo na koyi aiki, inda talla ba ta tsayawa sai mai ita ya tako ya ce ya isa. Na bar gurbin nan biyu babu komai. Asusun tallar kuma na buɗe shi da lambar wayar Baba, don ya ji abin nasa ne.

Wata biyu bayan haka Baba ya kwanta kwana huɗu, ya rasu. Aka kai shi ƙauye aka binne. Talla kuwa ba ta san an yi ba. Masu zaman makoki suna zaune a tsakar gida, wata ta buɗe fim a waya don ta rage kewa, sai ga marigayi yana gaishe su yana cewa yana jiran su. Matarsa, Mama Rifkatu, ta daina fita ko coci, domin ba ta san daga aljihun wa muryar za ta fito ba.

Babban ɗansa, Malam Bulus, malamin sakandare ne, mutum mai ɗaure fuska wanda ko ɗalibansa na da can suna canza hanya in sun hango shi. Ya same ni a shago, bai zauna ba. Ya ce dattawan danginsu sun sa ranar taro a ƙauye, Lahadin ƙarshen wata, da za su damƙa masa riƙon gida. Amma ƙanin Baba ya aiko cewa ba a ba ɗa gida alhali uban yana tsaye yana kiran mutane shago. Mutumin da ake jin muryarsa kullum bai kwanta ba tukuna.

"Kai ka sa shi a ciki, Malam Bello," in ji shi. "Kai za ka cire shi. Kafin Lahadin nan."

Na ce wannan ai aikin minti biyu ne, don bakina ya fi hankalina sauri. Na shiga asusun, aka ce an tura lambar sirri zuwa wayar mai shi. Nan ne na ji inda wayar take. A gidansu, in mutum ya rasu, ana tattara kayan jikinsa a akwati a kulle, ba mai taɓawa sai shekara ta zagayo, makullin kuma yana ƙauye. Wayar Baba, ƙaramar nan mai riƙe caji kamar ba za ta mutu ba, tana ciki. Daga baya aka gaya mini cewa lokacin da na danna, surukar Baba tana shara a ɗakin da akwatin yake, ta ji akwatin ya yi ƙara sau ɗaya. Har yau ba ta sake shiga ɗakin nan ba.

Na rubuta wa kamfanin. Suka amsa da cewa ba sa rufe asusun wani da saƙo, sai an kawo takardar shaidar mutuwa hannu da hannu. Ranar Laraba da safe na saka takardar a leda, na nufi tasha.

Motar Yola na shiga, mu huɗu a baya kamar an cusa doya a buhu. Kusa da ni wata mata ce mai zuwa ganin 'yarta a Jimeta, tana kallon fim ba ta sa abin kunne ba. Mun wuce Zing kaɗan fim ɗin ya tsaya, sai na ji tarin nan kafin ma in waiga. Matar ta yi murmushi ta ce ta san dattijon nan, wajensa ta sayi irin masara bara, bana ma tana dawowa za ta je kafin ruwa ya sauka. Da na yi shiru da ya fi. Na ce mata ya rasu, yau kwana ashirin. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta kashe ta gaba ɗaya ta tura can ƙasan jaka. Har Mayo Belwa ta san yadda ta yi kafaɗarta ba ta ƙara taɓa tawa ba, a cikin wannan matsin.

Daga Yola na hau wata motar zuwa Gurin, bakin kogin Faro. Lokacin zafi ne, ruwa ya ja baya, sai ka taka yashi mai ƙuna da nisa kafin ka isa inda kwalekwale yake. Na cire takalmi don in yi wayo, yashin ya gasa ni, na mayar, na shiga ruwa da su. Haka na shiga ƙasar mutane ina tafe takalmina na kuka.

A can gefen akwai wani jandarma, wato jami'in tsaron Kamaru, zaune ƙarƙashin rumfa da katon littafi. Mutanen nan suna son hatimi yadda muke son gaisuwa. Ya yi mini Faransanci, na yi masa kallon saniya. Muka koma Fulatanci, nawa kuwa irin na wanda ya tashi a cikin gari ne, rabinsa Hausa. Ya ga takardar mutuwa cikin takarduna, ya tambaye ni ina gawar. Na ce tana ƙauye a binne. Ya ce to me ya kawo ni. Na nemi yadda zan faɗi talla da asusu da manhaja a Fulatanci na rasa, abin da ya fito bakina shi ne mutumin ya mutu amma bai daina magana a waya ba, na zo a sa shi ya yi shiru. Ya buga hatimi, ya turo mini takardar da bakin biro, bai sake sa mata yatsa ba.

Na isa Garwa da la'asar, jikina duk ya yi tsami saboda acaɓa da ramukan hanya. Garin yana kama da gida ta wani fannin, ga kogin Binuwai, ga riguna irin namu, ga kiran salla. Amma burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri, za ka ga babban mutum ya saƙale shi a hammata babu ko leda. Da rana tsaka kuma kowa ya rufe ofis ya tafi cin abinci, ko gobara kake yi sai ka jira. Na ci gasasshen kifi a bakin titi da wani rogo da aka naɗe a ganye, yana da tsami, yana kama haƙori. Kifin dai ban taɓa cin irinsa a Jalingo ba, wannan gaskiya ce ko za a ce na ci amanar gari.

Masaukin da ɗan acaɓa ya kai ni na wata dattijuwa ce da kowa ke kira Dada. Tana da falo da babban talbijin irin mai shiga intanet, kullum a kunne, baƙi na zaune suna kallo. Na gaishe su, na nemi lambar waifai, na haɗa wayata, na zauna ina jiran a gyara mini ɗaki. Wani fim ake yi na Fulatanci, ana cikin rigima a kan shanu. Sai hoton ya ɗauke.

"Ina kwana, jama'a. Ni ne Baba Ishaku."

Rana na waje tar, mutum shida a falon, amma wallahi na tsorata. A waya fuskarsa ƙarama ce, na saba. A nan kuwa girman mutum sosai, idonsa a kaina, a garin da bai taɓa takawa ba. Na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk da ni na ɗauka: wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ashe tun lokacin ya fara ramewa. Dada ta ce ikon Allah, ba ta taɓa ganin wannan tsohon ba, yau ne farau. Ta tambaya ko wani ya san shi. Na duƙufa a kan wayata kamar ban ji ba. Kafin magariba ya sake fitowa sau biyu, har wani baƙo ya fara kwaikwayon tarin, mutane na dariya. Na tashi na cire wayata daga waifai ɗin na shige ɗaki.

Washegari na je kamfanin. Ina tsammanin dogon bene, sai na tarar da ɗakuna biyu a saman wani kantin sayar da tayoyi. Wadda ke kula da tallace-tallace, Madam Fadimatu, mace ce mai natsuwa, ta yi karatu a Yola don haka Hausarta ta fi ta wasu 'yan unguwar Barade a Jalingo. Na ba ta labarin talbijin ɗin Dada, ina jiran ta ce innalillahi. Dariya ta yi.

Ta ce talla ba a jikin fim take ba, yadda muka sani a da. Fim yana da gurabe ne da aka bari a buɗe. Duk lokacin da mai kallo ya iso gurbi, cikin ƙiftawar ido na'urarsu kan duba wane ne wannan, daga ina yake, me ya saba kallo, sai ta zaɓo masa talla ta liƙa a ciki, ta tafi tare da fim ɗin kamar dama can abu ɗaya ne. Mutum biyu suna kallon fim ɗaya, wannan ya ga sabulu, wancan ya ga taki. Ni kuwa, tun da abin ya faru nake buɗe manhajar sau goma a yini don in ga ko Baba na nan, sai na'urar ta ɗauke ni a matsayin wanda duk duniya babu mai son taki kamarsa. Da na haɗa wayata da waifai ɗin Dada, ta lissafa ni da talbijin ɗin a gida ɗaya.

"Ba shi ya biyo ka ba, Malam," in ji ta. "Kai ka taho da shi a aljihu."

Na so in ji sanyi a raina da wannan bayanin, amma ban ji ba. Cewa akwai abin da ya san na bar Jalingo, ya san gidan da na sauka, ya kuma ga ya dace ya kawo mini marigayi har falo, bai fi fatalwa daɗin ji ba.

Ta nuna mini gurbin nan biyu da na bari babu komai, ta girgiza kai yadda ake yi wa wanda ya bar ƙofar garke a buɗe. Da yake babu ranar tsayawa, babu kuma iyakar maimaici, Baba zai yi ta fitowa har sai an cika adadin nunawar da ya saya, kuma a ƙaramin gari irin namu wannan zai iya kai wa baɗi. Ta karɓi takardar mutuwa, ta buga mata hatimi, don ba zai yiwu a rabu da hatimi ba. Kafin ta rufe, ta ce bari ta nuna mini rahoton tallar, tunda ni na haɗa ta.

A allon kwamfuta akwai layuka. Sau nawa aka nuna, mutum nawa suka danna tsallake da zarar daƙiƙa biyar sun cika, mutum nawa suka kalla har ƙarshe. Bayan ranar rasuwar kusan kowa tsallakewa yake yi, ka ga layin ya faɗi kamar an tunkuɗa shi. Sai ta sa yatsa a wani wuri ta ce wannan ne ya ba ta mamaki. Waya ɗaya ce a Jalingo, ba su san sunan mai ita ba, lamba kawai suke gani. Kullum da sassafe takan buɗe fim, kowane fim ne, ta jira tallar, ta kalla har tarin ƙarshe, sannan ta rufe ba tare da kallon fim ɗin ba. Wani lokacin ta sake buɗe wani. Ba ta taɓa danna tsallake ba. Na'urar kuwa, ganin haka, kullum Baba take fara ba ta.

"Yau ma da safe ta kalla," in ji Madam Fadimatu. "In rufe?"

Nan take raina ya ba ni Mama Rifkatu. Na hango ta zaune a bakin gado ita kaɗai, tana jiran mijinta ya yi mata ina kwana. Na ji kunya, na ji tausayi, har na ji haushin Malam Bulus da dattawansa masu hukunci daga ƙauye. Amma ba a aiko ni in yi tunani ba. Na ce ta rufe. Ta danna sau biyu, ta ce shi ke nan. Ta gargaɗe ni cewa akwai ƙananan rumbuna da ake ajiye kwafin bidiyo kusa da masu kallo don ya yi saurin buɗewa, saboda haka zai iya leƙowa nan da can na yini ɗaya ko biyu kafin ya ɓace gaba ɗaya. Na ce useko, wato na gode da Fulatanci, na sauko ta cikin warin taya.

Da ba ta faɗa mini ba, da na bar wayata a kogin Faro. Ranar Juma'a da hantsi, ina taka yashin Gurin, layin gida ya dawo, na buɗe don in gwada. Sai ga shi. Ya ce, "Ina kwana, jama'a. Ni ne," sai hoton ya daskare, ɗan zoben nan yana ta juyawa a kan fuskarsa, bakinsa a buɗe. Na tsaya a cikin rana ina jira ya ƙarasa. Bai ƙarasa ba. Allon ya yi baƙi, tallar wani man girki ta shigo da kiɗa. Ban sake ganin sa ba daga nan.

Ranar Asabar da safe na je Majidaɗi. Na tarar da Malam Bulus a ƙofar gida kan kujerar roba, ana ta ɗaure kayan da za a kai ƙauye. Muka gaisa, na ce masa an gama, na nuna masa takarda da hatiminta. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani. Na yi mamakin yadda ya sani, amma na bar shi. Ina so in rage wa kaina nauyi, sai na ce in ya ga dama ya rarrashi Mama, don ina jin ta saba kallon tallar kullum da safe a wayarta.

Ya dube ni. Ya ce Mama ba ta da wayar da ke buɗe bidiyo, ba ta taɓa yi ba.

Tasa tana kan cinyarsa. Ya juya ta, ya kifa fuskarta ƙasa. Mata na ta wucewa da ƙullin kaya. Can ya fara magana, ba ni yake kallo ba, titi yake kallo. Ya ce shekara uku ke nan ba su zauna sun yi hira da Baba ba, tun da ya ƙi karɓar shagon ya ce shi malami ne ba mai awon taki ba. Suna gaisawa dai a coci kamar maƙwabta. Yana ta cewa zai je ya same shi a shago in an yi hutu, hutu ya zo ya wuce har sau nawa. Jiya da safe ya buɗe fim bakwai ɗaya bayan ɗaya, man girki kawai yake gani.

Mutumin da ya tsaya a shagona ya ba ni wa'adi, shi ne wannan, ya kuma san abin da yake yanke wa kansa lokacin da yake faɗa. Duk haushinsa da na ɗauko tun daga Garwa na nema na rasa.

"Kana da shi a kwamfutarka?" ya tambaya.

Na ce ina da shi, na asali, har da wanda ban saka a tallar ba, inda Baba yake gyara hula yana tsokanata. Na ce ko yanzu yake so sai in tura masa. Na riga na ciro wayata.

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya dubi kayan da ake lodawa a mota.

"Gobe zan tsaya gaban dattawa in ce Baba ya kwanta," in ji shi. "Ba zan faɗa da shi a aljihuna ba. Kada ka ba ni, Malam Bello, ko na roƙe ka." Ya miƙe, ya ɗauki kujerar zai shiga da ita, sai ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba. "Amma kada ka goge."

An yi taron ranar Lahadi, an ba shi gida, Mama Rifkatu ta koma coci. Masu tambayata ko na kashe fatalwar, amsar ke nan: na kashe tallar. Bidiyon yana nan a kwamfutata, ban buɗe ba, ban kuma goge ba. Malam Bulus yakan biyo ta gaban shagona in zai tafi makaranta, ko da yake ba hanyarsa ba ce. Yakan rage tafiya, ya ɗaga mini hannu, ya dubi kwamfutar ta taga, sannan ya wuce.